Darasi na 11: Barcin Mai Jego

Gaisuwar gidan haihuwa kusan ɗaya ce ko'ina: barka da arziki, ya jego, ya ruwan zafi? Mata kan tambayi nono ko ya zo, su duba cibiya ko ta faɗi, su ce yaro ya ɗauko hancin ubansa. Da wuya a samu wadda za ta tambayi mai jego ko ta runtsa jiya da dare. Ita ma ba za ta faɗa ba, don kada a ce raki gare ta. A wannan darasi za mu duba dalilin da ke sa jinjiri hana uwarsa barci, da abin da rashin barcin ke yi mata, da abin da mutanen gida za su iya yi a kai. Darasin na maza ne da mata, domin yawancin maganin a hannun waɗanda ke zagaye da mai jego yake.

Jinjiri bai san dare ba

Jariri sabon haihuwa ya fi kowa barci a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga haihuwa zuwa wata 3 yana buƙatar awa 14 zuwa 17 a kwana ɗaya. Matsalar ita ce ba ya yin barcin nan a haɗe. Zai yi awa biyu ko uku ya farka, ya sha, ya koma. Cikinsa ƙarami ne ƙwarai, a kwanan farko abin da yake sha a kamu ɗaya bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba, kuma nonon uwa ba ya daɗewa a ciki. Shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 tsakanin safiyar yau da ta gobe. Ban da haka, jikinsa bai koyi bambanta dare da rana ba tukuna. Wannan sai ya kai wata biyu zuwa uku yake fara daidaita.

Mu yi lissafi a kan allo. Idan jinjiri ya sha sau 10, kuma kowane kamu, da sa shi gyatsa da canza masa tsumma da lallashi, ya ci rabin awa, awa nawa ke nan? Awa 5 cur, kuma kusan rabinsu cikin dare. Ba a sa daka a ciki ba, ba a sa ɗiban ruwa ba, ba a sa sauran yara ba.

Farkawar nan tana da amfani, kada a ɗauke ta ciwo. Sinadarin da ke sa jikin mace ya samar da nono ya fi yawa da dare, don haka shan dare shi ke ƙara ruwan nono. Yana kuma taimakawa wajen jinkirta dawowar haila a watanni 6 na farko, muddin nono zalla ake ba yaro dare da rana. Kukan ma yana da lokacinsa: yakan ƙaru har wajen mako na 6, musamman da almuru, sannan ya ragu a wata na uku zuwa na huɗu. Uwar da ta san haka ba za ta zargi nononta ba, ba kuma za ta yarda a ce mata maita ce ko baki.

Abin da ke samun uwa

Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7 na barci. Amma yawan awowi kaɗai ba ya isa. Barci hawa-hawa ne, ana farawa da marar nauyi, a nutse cikin mai nauyi, a fito zuwa na mafarki, kuma zagaye ɗaya yakan ci kamar awa ɗaya da rabi. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2010 ya gano cewa masu jego da yawa suna tara kusan awa 7 a dare, amma a gutsuttsure, shi ya sa suke wayar gari a gajiye. Kamar tukunya ce da ake saukewa duk lokacin da ta fara ɗumi: itace ya ƙare, ruwa bai tafasa ba.

Alamomin sanannu ne ga duk wadda ta yi goyo. Mantuwa, saurin fushi, ciwon kai, kuka ba dalili, gyangyaɗi da yaro a hannu. A 1997 masana a Ostareliya sun auna mutanen da suka yi awa 17 ido biyu, suka tarar hankalinsu da saurin hannunsu sun ragu kamar na wanda ya ɗan sha abin maye. To, a tuna macen da ke cikin wannan hali ita ce ke tsaye a bakin rijiya da guga, ita ke sauke tafasasshen ruwa daga murhu, ita ke auna wa yaro magani.

Kwana arba'in

Kakanninmu sun san wannan matsala, kuma sun yi mata tanadi. Mace mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a can, ta yi wankan gida. Wadda ta haihu a ɗakinta akan aiko mata da tsohuwa ko ƙanwa ta zauna da ita. Har kwana arba'in ba a son ta daka, ba a son ta je rijiya ko itace. Addini ma ya sauƙaƙa mata: mai jinin biƙi ba ta salla, ba ta azumi, azumin kawai za ta rama daga baya. Idan an bi wannan tsari yadda yake, babu wani tsarin zamani da ya fi shi. Ma'aikaciyar gwamnati ko ta kamfani a Nijar doka ta ba ta hutun haihuwa na mako 14, amma matan karkara, waɗanda su ne mafi yawa a Madawa da Buza da Keita, arba'in ɗin nan ne kaɗai hutunsu.

Sai dai mu faɗi gaskiya, hutun yakan zube ta wurare da dama.

Na farko ƴan barka. Daga ranar haihuwa zuwa ranar suna ɗaki ba ya rabuwa da mutane. Kowace ta shigo sai an tashi mai jego an gaisa, a buɗe yaro a gani, a zauna hira. Yaro na barci, wato lokacin da ya kamata uwa ta kwanta ke nan, amma kunya ta hana ta juya wa baƙi baya. Makon farko kuwa shi ne lokacin da jikinta ya fi buƙatar hutu, ga ciwon haihuwa, ga jinin da ta zubar. Zumunci abu ne mai kyau, ba wanda ya ce a daina. A sa tsohuwa ɗaya a ƙofa ta karɓi gaisuwa a tsakar gida, ta ce: "Ta samu barci yanzun nan, ku zauna nan inuwa, in ta tashi sai ku shiga." Ba mai jin haushin wannan magana idan daga bakin babba ta fito.

Sannan wankan asuba. Sau da yawa yaro ya kwana yana tsotso, sai gab da kiran salla ya yi barci mai nauyi, uwa ta samu ta rufe ido, sai a buga ƙofa ruwa ya tafasa. Me zai hana a jinkirta wankan zuwa hantsi? Ruwa ba ya guduwa. Zancen zafin ruwan da kunun kanwa za mu dawo kansa a gaba, don ya fi wannan nauyi.

Abu na uku ya fi shafar ƙasar Adar fiye da wurare da yawa, wato bida. Da an gama girbi, maza da samari sukan kama hanyar Abijan, Najeriya, Libiya ko Aljeriya, wasu har shekara ba su dawo ba. A fadamun Tarka da Majiya kuma rani lokacin albasa ne, duk mai ƙarfi yana lambu. Macen da ta haihu a wannan tsakani takan samu kanta da jinjiri, da yara uku ko huɗu, da awaki, da surukar da ita ma ƙarfinta ya ƙare. Gatan arba'in yawanci na mai haihuwar fari ne. Ta biyar da ta shida akan ce ai ta saba. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna cewa mace a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 a matsakaici, ke nan yawancin jegon da mace za ta yi a rayuwarta irin wanda ake cewa ta saba ne. Jiki kuwa ba ya sabawa da rashin barci, sai dai ya daina ƙorafi. Ba wanda ke shakkar ƙarfin matan yankin nan. Su ne suka ɗauki duwatsu a ka suka gina shingayen tare ruwa a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984. Amma ƙarfin nan ne ke sa a manta cewa su ma suna gajiya.

Abin da gida zai yi

Manufa ɗaya za a sa gaba: mai jego ta samu barci guda a haɗe, na awa uku zuwa huɗu, ko sau ɗaya ne a kwana, sannan ta ƙara da na rana. Lokacin da ya fi sauƙi shi ne bayan isha'i. Ta ba yaro ya ƙoshi, ta miƙa shi ga uwar miji, ko kishiya, ko ƙanwa, ko mijin kansa, ta kwanta a inda ba za ta ji ƙananan motsinsa ba. Idan ya nemi mama a kawo mata shi, ta shayar a kwance, mai taimako ya ɗauke shi ya sa shi gyatsa ya lallashe shi. Shayarwa ce kaɗai ba mai iya yi mata. Sauran duk aikin kowa ne.

Ga yadda maganar kan kasance a gidan da aka fahimta:

"Inna, jiya ban runtsa ba, kaina kamar zai tsage."

"To, ɗiyata, ba shi ya ƙoshi ki miƙo mini. Surfen nan yarinya za ta kai inji. Je ki kwanta, ba mai tashin ki sai shi."

Maigidan da ke bida ma yana da nasa rabo. Idan ya bugo waya yana tambayar yaro, ya tambayi uwar yaro. Cikin kuɗin da zai aiko na ragon suna da atamfa, ya ware na niƙa, da na ruwan ƴan garuwa ko amalanke, da na itace, har arba'in ta cika. Wannan kuɗi barci yake saya wa matarsa. Wanda ke gida kuma ba abin kunya ba ne ya rungumi ɗansa ya zagaya tsakar gida da shi da dare. Irin wannan magana ce ake tattaunawa a makarantar mazaje, wadda aka fara a jihar Damagaram kafin ta bazu zuwa sauran jihohi, kuma a kan haka ya dace limamai da masu gari su sa baki.

Ita ma mai jego akwai dabarun da za su rage mata wahala. Da rana, in yaro ya yi barci ta kwanta, ko rabin awa ne, wanki ya jira. Ta sani cewa jinjiri yakan yi nishi, ya motsa, ya yamutsa fuska alhali barci yake. Ta ɗan dakata kafin ta ɗauke shi, sau da yawa zai koma da kansa. Da rana a fito da shi inda akwai haske da hayaniyar gida, da dare kuma a rage fitila, a yi magana ƙasa-ƙasa, kada a haska masa tocila ko waya a fuska. Da haka yake koyon dare. Shayi mai kauri da goro da kofi su dakata daga la'asar, domin abin da ke hana barci a cikinsu yana bi ta nono, kuma jikin jinjiri yana daɗewa bai fitar da shi ba. Ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa da fura, ta ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini idan an ba ta a likita, don ƙarancin jini yana ninka gajiya.

Akwai gargaɗi ɗaya. Bakwaini, da yaron da aka haifa da ƙaramin nauyi, da wanda idonsa ya yi ɗorawa, ba a barin su su yi dogon barci ba su sha ba. Su tashin su ake yi, kamar kowace awa biyu zuwa uku, har sai ma'aikacin lafiya ya ga nauyinsu ya hau.

Wurin kwanciya

A gidajenmu jinjiri kusa da uwarsa yake kwana, kuma hakan yana sauƙaƙa shayarwa. Amma uwar da ta gaji tiɓis barcinta nauyi gare shi, sai a kiyaye. A kwantar da yaro rigingine, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa. Kada a sa shi tsakanin manyan yara. Kada uwa ta shayar a zaune kan kujera ko bakin gado in tana jin gyangyaɗi, gara ta kwanta. Mai shan taba ya sha a waje, kuma kada yaro ya kwana a jikinsa. Su kwana cikin gidan sauro kullum, musamman da damina. Da hunturu kada a rufe ɗaki da garwashi a kasko, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Da bazara, lokacin da zafin Afirilu da Mayu ke wuce digiri 40, a rage wa yaro tufafi, a kwana inda iska ke shiga. Yaron da zafi ya dama ba zai bar kowa ya kwana ba.

Gajiya takan kai mutum ga neman gajeriyar hanya. Wasu sukan ɗura wa jinjiri ruwa, ko kunu, ko madarar akuya, ko jiƙo, wai cikinsa ya yi nauyi ya yi barci. Kafin wata 6 nono kaɗai ya ishe shi, har a tsananin zafi, kuma ɗurar nan ita ce ƙofar zawo da tamowa. Zuma ma ba a ba yaron da bai shekara ba. Mafi muni shi ne ƙwayar barci ko maganin mura na ƴan talla da ake jiƙa wa jariri don ya yi shiru. Yana iya tsayar masa da numfashi. Uwa ma kada ta sha ƙwayar barci ko tiramol ba da izinin likita ba. Idan kuka ya kai ki maƙura, kika ji zuciya ta hau, ki ajiye shi a wuri mai aminci, ki fita ki kira wani. Kada a jijjiga jariri da ƙarfi ko sau ɗaya, jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa ba sa ɗauka.

Rashin barcin da ba na jinjiri ba

Wannan ne sashen da ake so kowa ya riƙe. Gwajin mai sauƙi ne: an karɓi yaro, ɗaki ya yi shiru, mai jego ta kwanta. Ta yi barci? Idan ta yi, gajiya ce, taimako ne maganinta. Idan ta kasa, a nemi dalili.

Wata da ta kwanta sai numfashi ya ƙi, sai ta tashi zaune ko ta jingina da bango, ga tari da dare, ga kumburin ƙafa, ga haki ko da ɗan tafiya kaɗan. Wannan alamar ciwon zuciya ne da ke kama mata a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi nazarinsa a shekarun 1970, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Daga baya an gano ciwon yana da dalilai da yawa, yana kama har matan da ba su taɓa shan kanwa ba. Duk da haka, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta buƙatar ƙarin kaya. A yi wanka da ruwa mai ɗumi wanda hannu zai iya jurewa, a bar kanwa, a rage gishiri. Mai irin wannan haki kuwa ba ta kwana a gida, sai likita.

Haka nan ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari. Hawan jinin ciki yana iya tasowa ko bayan an haihu, kada a ce rashin barci ne kawai.

Wata kuma jikinta lafiya, amma tunani ya hana ta. A kwanakin farko mata da yawa sukan ji ƙunci da saurin hawaye, wannan yakan wuce cikin mako biyu. Idan ya zarce, ba ta jin daɗin komai, ba ta son abinci, tana ganin ta kasa, ko ba ta jin yaron a ranta, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 takan same shi. Ba rashin imani ba ne, ba kuma rashin godiya ba, kuma yana warkewa. Akwai wanda ya fi shi tsanani, yana samun mace 1 ko 2 cikin 1,000: ta yi kwanaki ba barci kuma ba ta jin gajiya, tana surutai, tana jin muryoyi, ko tana maganar cutar da kanta ko yaron. A nan ne gida kan ce iska ce, a shiga neman mai magani har mako ya wuce. A yi addu'a, amma a kai ta asibiti ranar, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaro.

Ana so a duba uwa da jinjiri a ranar haihuwa, da kwana na 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na 6, wanda ya zo daidai da allurar rigakafin yaro. A fara da ɗakin shan magani na ƙauye ko likitar da ta fi kusa, su za su tura zuwa asibitin gunduma a Madawa, Buza ko Keita, in abin ya fi ƙarfinsu kuma zuwa asibitin uwa da yaro na Tawa. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5. Idan an je, mai jego ta faɗa da bakinta: "Ba na samun barci." Ungozomar asibiti ba za ta sani ba sai an gaya mata.

Aikin aji da na gida

Ku kasu gida biyu, maza da mata, ku tattauna: a garinku, wa ke zama da mai jego a haihuwa ta biyar? Wane aiki ne take komawa yi kafin arba'in, kuma wa zai iya ɗauke mata shi? Sannan kowa ya rubuta a littafinsa alamomi uku da za su sa a kai mai jego likita ba tare da jiran safiya ba.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowane ɗalibi ya ziyarci gidan da aka yi haihuwa a unguwarsa. Mata su tambayi mai jego sau nawa ta farka daren jiya, maza su tambayi maigida ko wanda ke tsaye a madadinsa wa ke karɓar yaro bayan isha'i. Ku rubuta amsar ba tare da sunan kowa ba, ku zo da ita aji.